Kwamfutar da Baba Yake Magana da Ita

Shekarun baya, tun kafin furfurar nan da nake rufewa da lalle ta fara leƙowa, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da safe ne, yana cikin alwala. Allah ya sa da sauran kwana a gaba, ya tashi, amma hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, harshe ma ya yi nauyi. Hankalinsa garau yake, yana jin duk abin da ake faɗa, sai dai in ya buɗe baki sauti kawai ke fitowa, babu kalma. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a aikin fassara, wanda in ka yi magana a gabansa sai ya gyara maka zaman kalma, aka wayi gari ko "ruwa" ba ya iya cewa.

Abin da ya rufa mana asiri a lokacin wata tsohuwar kwamfutar tebur ce da ke ɗakin karatunsa, a gidanmu na Nassarawa. Da can fara ce, amma ta koma launin haƙorin mai cin goro. In an kunna ta, sai ka je ka dafa shayi ka dawo ba ta gama miƙa ba. Mun sha yi mata ba'a, yayana ma ya sha cewa gidan tarihi zai kai ta. A cikinta akwai wata manhajar rubutu da wani abokin aikin Baba ya haɗa masa tun suna aiki, kuma mutumin ya riga mu gidan gaskiya tuntuni. Allon shuɗi ne, haruffan manya-manya, rawaya. Babban amfaninta shi ne gajerun hanyoyin da Baba ya tara a ciki shekara da shekaru: ya danna harafi biyu, jimla sukutum ta fito.

Da ya dawo daga asibiti, da ɗan yatsa guda na hannun hagu ya koma yi mana magana ta wannan allo. To da yake gajerun hanyoyin na fassarar sanarwar hukuma ne, haka muke karɓar saƙo. Sai ka ga an rubuta: "Ana sanar da jama'a cewa shayi ya huce." Ko mahaifiyata ta shigo ta tarar da: "Bisa la'akari da abin da ya gabata, kada a sake ba ni kunun gyaɗa." Mu yi ta dariya, shi ma ɓarin bakinsa mai lafiya ya motsa. Ta nan yake faɗin inda ke masa ciwo, ta nan yake yi wa jikoki faɗa, ta nan yake yi wa mahaifiyata sannu da aiki. Kwamfutar nan ita ce bakinsa.

Rannan da damina aka yi wata tsawa mai firgitarwa, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, sai ƙauri ya cika ɗakin karatu. Aka danna, aka sake dannawa, shiru. Ni ina gidana a Gawuna mahaifiyata ta kira ni ta ce, "Ki zo, abin Babanku ya ƙi tashi." Wallahi nan take na san me hakan yake nufi.

Yayana, da yake shi komai a wurinsa sabo ne magani, washegari ya shigo da sabuwar laftof dal a kwali, da wata mai allon taɓawa. Aka ajiye wa Baba. Yatsansa na rawa, ya nufi harafi ɗaya ya taɓa uku. Rubutun ƙanana, ga wasu akwatuna da ke faɗowa suna tambayarsa abin da bai sani ba. Ya danna harafinsa biyu da ya saba, babu jimlar da ta fito. Ya sake, babu. Sai ya sa bayan hannu ya ture ta. Aka ba shi biro da takarda, rubutun hagu ya fito kamar tonon kaza, shi kansa ya kasa karantawa. Likitansa ya ce mana kada mu matsa masa: abin da hannunsa ya haddace tun da yana nan, sabon koyo ne yake masa wuya yanzu.

Daga nan Baba ya juya fuska bango. Mu tsaya a kansa muna canke: "Ruwa? Banɗaki? Ƙafar ce?" Ya dube mu, ya rufe ido. Abinci ya koma sai da lallashi, cokali biyu ya kau da kai. Mai yi masa gashin ƙashi ya zo, ya ƙi ba shi hannu. A ɗan lokaci kaɗan ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na tsorata matuƙa. Ciwon bai kashe shi ba, amma na ga alamar shirun nan zai iya.

Ni kuwa dama Allah ya yi ni da garaje. Na ɗauki kwamfutar nan a bayan mota na yi ta yawo da ita wurin masu gyara, har wani ya tambaye ni ko gado aka raba aka ba ni ita. Maganarsu ɗaya ce: babban falankin lantarkin da ke cikin akwatinta ya ƙone, irinsa kuma an daina yi. Faifan ajiyarta dai yana da rai, amma ya fara ƙas-ƙas. Wani ya gwada ɗora manhajar a sabuwar laftof, ta ce atafau ba ta san wannan gida ba. Abin duniya ya ishe ni, na zauna a mota na kira ƙawata ina kuka.

Wannan ƙawa tawa tun makarantar kwana muke tare, kuma aikinta ke nan, kula da kwamfutocin wani kamfani. Ta bar ni na gama sambatuna, sannan ta ce, "Ke, share hancinki ki saurare ni. Faifan yana juyawa?"

Na ce, "Yana yi, amma da ƙara."

Ta ce, "To kada kowa ya sake jona shi. Ko Yaya ne, ki ce ni na ce. Duk juyin da ya yi, kwanansa ne ke raguwa. Ranar Asabar ina zuwa."

Da ta zo, a baranda muka zauna, ta ce za ta yi wa tsohuwar kwamfutar masauki a cikin sabuwa. Na ce mata ni fa ban zo wasa ba. Ta yi dariya ta nuna mini boskwatan da ke bayan gidanmu. Ta ce, "Wanda ke zaune a can, wutarsa da ruwansa daga ina suke zuwa?"

Na ce, "Daga babban gida mana."

Ta ce, "Amma yana da ƙofarsa da makullinsa, ya jera kayansa yadda yake so, ko ba haka ba? To haka abin yake. Mu a wurin aiki virtual machine muke ce mata. Akwai manhajar da ake sa wa sabuwar kwamfuta, ta yanki wani abu daga ƙarfinta da ƙwaƙwalwarta da wurin ajiyarta, ta shirya su su yi kama da wata kwamfuta daban. Sai mu kwafe duk abin da ke faifan Baba, tsarin da manhajar da komai, mu zuba a ciki. Ita tsohuwar in ta farka, za ta ga faifai, ta ga allo, ta ga madannai, ta ɗauka jikinta ne. Ba ta san duk na kwaikwayo ba ne. Sabuwar ita ce mai masauki, tsohuwar kuma baƙuwa."

Na ce, "Wato ƙarya za mu yi mata."

Ta ce, "Irin wadda babu zunubi."

Na ce, "To a yi yanzu mana!"

Nan fuskarta ta canza. Ta ce in dai an samu an kwafe faifan, sauran duk mai sauƙi ne, domin kwamfutar Baba gaba ɗayanta za ta koma fayil guda, a yi masa kwafi nawa ake so. Amma kwafewar ita ce tashin hankalin. Sai an karanta faifan daga farko har ƙarshe, shi kuma ga halin da yake ciki. Ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba, wataƙila sau ɗaya zai yarda. In ya tsaya a hanya, sai dai haƙuri."

Muka shiga ɗakin karatu. Ta kwance faifan, ɗan ƙarfe kamar sabulun wanki, ta jona shi da wata waya, ta yi bisimilla. Wani ɗan layi ya fito a allo yana tafiya a hankali. Babu wuta ranar, da inbata mai caji da hasken rana muke, ga hadari ya rufe rana tun safe, batir bai sha caji ba. Na bi gidan nan na kashe komai, har firjin mahaifiyata, tana cewa naman miya zai lalace, na ce ya lalace. Na dawo na tsaya a kan ƙawata ina tambaya, "Ya kai ina? Me ya sa ya tsaya? Wannan ƙarar ta mece ce?" Har ta ce in ban fita ba za ta tattara kayanta ta tafi. Na fita, na yi zagaye ɗaya a gindin darbejiya, na dawo.

Can wajen tsakiya layin ya tsaya cak. Faifan ya shiga ƙas, ƙas, ƙas, kamar mai shaƙuwa. Inbata kuma ta zaɓi wannan lokacin ta fara kukan batir ya yi ƙasa. Na ga ƙawata ta daina taunar cingam, nan na san da matsala. Ta ce faifan ya iso wurin da ya lalace, za a tsallake a ci gaba, sai dai ba mu san me ke zaune a wurin ba. Zai iya zama tarkace, zai iya zama manhajar Baba. Ban san adadin addu'ar da na karanta ba. Mahaifiyata na bakin ƙofa da carbi, ba ta fahimci komai a allon ba, fuskokinmu take karantawa. Ta bangon kuma ina jin shirun ɗakin Baba.

Sai layin ya motsa. Ya ja jiki, ya ja jiki, ya kai ƙarshe. Ƙawata ta yi maza ta kwafi fayil ɗin zuwa wani wurin ajiya na daban, sannan ta jingina da kujera ta sauke numfashi. Da ta sake gwada faifan don ta duba wani abu, ko juyawa bai yi ba. Ya yi aikinsa na ƙarshe ke nan.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ta shirya ɗakin baƙuwar, tana zaɓar yawan ƙwaƙwalwar da za a ba ta. Na ce ta ba ta duka, Baba ne fa. Ta ce, "In kika juye wa baƙo tukunya gaba ɗaya, masu gida su ci me? In mai masauki ta faɗi, da baƙuwar za ta faɗi." Ta ba ta daidai abin da ta saba da shi, ta kuma hana ta hanyar intanet, ta ce tsohon tsari ne, ba shi da garkuwar zamani, gara ya zauna a ɗakinsa a kulle. Ta danna kunnawa. Allo ya yi baƙi, ya kawo wasu rubuce-rubuce, ya mutu. Ta sake, haka.

Na ce, "Shi ke nan, wurin da aka tsallake ne." Hawaye suka zubo mini.

Ta ce, "Ke dai akwai ki da saurin binne mai rai. Baƙuwar ce ta farka ta ga mahaɗin faifan ba irin wanda ta sani ba ne, ta firgita. Bari in ce wa mai masauki ta yi shigar tsofaffi." Ta ce yanzu ko sau ɗari muka ɓata ba komai, sai mu ɗauko kwafi mu sake. Ta canza wani abu, ta danna. Muka yi tsuru-tsuru. Sai ga ɗan kiɗan nan da tsohuwar kwamfutar take yi in ta tashi, wanda na shekara ina jin haushinsa. Mahaifiyata ta saki salati. Ƙawata ta buɗe manhajar, allo ya yi shuɗi, ta ce in danna harafin da na san Baba yana dannawa. Na danna. Jimla ta fito, rawaya, manya-manya.

Sai mahaifiyata ta kawo tata. Ta ce kada a kuskura a gaya wa Baba cewa tasa ta mutu, mara lafiya ba a kai masa labarin rashi. A ce an gyara kawai. Ƙawata ba ta so ba, amma wa zai ja da Umma? Aka mayar da tsohon akwatin mazauninsa, fanko, aka ɓoye laftof a bayansa aka rufa mata ɗankwali. Aka jona tsohon allon da tsofaffin madannansa da haruffansu suka goge, aka buɗe baƙuwar ta cika allo, ba a ganin ko gefen mai masauki.

Bayan la'asar muka turo shi a keke. Bai so ba, yana ta kau da kai. Na durƙusa na ce, "Baba, an gyara. Ka gwada." Na danna masa, kiɗan ya tashi, shuɗin allon ya haska fuskarsa. Ya daɗe yana kallo, hannunsa a kan cinya bai motsa ba. Abin da nake tsoro shi ne kada a ce mun makara, ya riga ya sallama, ko an kawo masa bakin ba zai karɓa ba.

Can ya ɗaga yatsan. Ya kai shi a hankali, ya danna biyu. Sallama ta fito cikakkiya. Muka amsa baki ɗaya kamar 'yan makaranta. Ya ci gaba, harafi bayan harafi, muna bin yatsan da ido:

"Wannan ba tawa ba ce. Ta cika sauri."

Mahaifiyata ta dube ni, na dubi ƙawata. Ita kuwa ta durƙusa a gabansa ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Jikin ya ƙone. Amma duk abin da ke cikinta yana nan, mun yi masa masauki ne a cikin wata." Ta janye ɗankwalin ta nuna masa, ta yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda ta yi mini. Ya saurara da kyau, idonsa a kanta. Ya rubuta, "Me sunanta da Hausa?" Ta ce ita dai ba ta sani ba. Ya rubuta, "Za a nemo." Sannan ya juyo da ido kanmu, ni da mahaifiyata da yayana da ya shigo a lokacin, ya koma kan madannai:

"Ana sanar da jama'a cewa ni ba kurma ba ne. A daina yi mini ihu."

Dariya da kuka suka haɗe mini. Ashe duk kwanakin nan, da ya daina amsawa, ɗaga murya muka riƙa yi a kansa ba mu sani ba, shi kuma ba shi da hanyar cewa mu bari. Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji," a hankali ƙwarai. Ranar ya ci tuwo, ya kuma rubuta cewa miyar ba nama, wa ya kashe firji.

Baba ya ƙara wasu shekaru tare da mu, yana magana ta cikin baƙuwar nan. Laftof ɗin ma ta tsufa aka canza wata, aka ɗauki fayil ɗin aka mayar, bai ko lura ba. Sunan Hausar kuwa ya kawo kusan goma, kowanne ya kwana biyu ya ce bai yi ba.

Har yau ni ba gwanar kwamfuta ba ce, in waya ta ƙi yi mini abu miƙa wa yara nake. Amma na fahimci abu ɗaya: ƙarfen daban, abin da ke zaune cikinsa daban, kuma in ƙarfen ya gaza ana iya nema wa na cikin wani wurin zama. Shi ya sa duk wanda ya ce mini tsohonsa ya maƙale wa wata tsohuwar na'ura, nakan ce kada ku yi masa dariya, kada kuma ku jira ranar tsawa. Ku nemi wanda ya sani ya kwafe muku ita tun tana numfashi. Tsoron da na ji a ɗakin karatun nan ba na yi wa kowa fatansa.

Akwai wani abu da irin wannan kwamfuta take yi da ta ƙarfe ba ta yi. Ana iya dakatar da ita ba tare da an kashe ta ba, ta tsaya cak yadda take, in an buɗe ko bayan shekaru ne ta ci gaba daga daidai wurin. Ranar da aka fita da Baba zuwa asibiti, fitar da bai dawo ba, haka yayana ya rufe ta. Fayil ɗin yana wurina yanzu. Nakan buɗe shi jefi-jefi, in kewa ta taso. Shuɗin allon ya fito, ga layinsa na ƙarshe, ga ɗan sandan rubutu yana ƙiftawa a gabansa yana jiran harafi na gaba. Ba wasiyya ba ce, ba kuma wata babbar magana ba. Cewa ya yi, "A rage fanka."

Duk ranar da na buɗe, sai na tsinci kaina na miƙe na rage.